Igiyar da Surukina Ya Tufka a Shekarar Fari

Surukina ya iso gidanmu na unguwar Zango a Damagaram a farkon ɗari, a bayan wata babbar mota da ta taso daga wajen Droum. Kayansa tabarma ce a naɗe, da buta, da wata jar akuya wadda ana iya ƙirga haƙarƙarinta tun daga bakin zaure. Abin da fari ya bar masa ke nan. Damina ta ƙi a shekarar, ta ƙi a wadda ta gabace ta, geron da ya shuka ya kai tsawon ɗan yatsa ya ƙone a tsaye. Matarsa, uwar mijina, ta rasu tun kafin nan, ƙananan ƴaƴansa maza kuma sun tsallaka kudu neman abin kai wa baki. Sau uku mijina yana aika masa ya taho gari yana ƙi, sai da ɓeraye ma suka yi ƙaura daga rumbunsa sannan ya yarda.

Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, duk unguwa Mushe ake ce masa, laƙabin malamai da aka aro daga Faransanci, ni ma haka nake kiransa, musamman in raina ya ɓaci. Shi ne ɗan fari a wajen tsohon, saboda haka uban ba ya kama sunansa, ba ya kallon idonsa, in dole ta kama sai ya ce "kai" yana duban wani gefe. Ni kuwa suruka ce. Iyakata in durƙusa daga nesa in ce "Baba, ina kwana," in ajiye akushi, in tashi. Da muna da ɗa mai wayo da an samu ɗan aike, don jika ba ya kunyar kakansa, to amma ƴata tana goye a lokacin, ba ta san komai ba sai nono da kuka. Haka muka zauna mu uku manya a gida mai ɗaki biyu, ba mai iya yi wa tsohon magana mai tsawo. Da akuyarsa kawai yake hira.

Akwai wata cuta da ke kama Mushe duk farkon sanyi, ba mura ba, cutar ɗaukar alkawari. Wata shekara ya ce kafin zafi ya dawo zai haddace izu goma. Wata shekara ya ce zai kiwata tantabaru har mu riƙa ba maƙwabta, tantabarun suka kwana biyu suka koma gidan da aka sayo su. A wannan shekarar kuwa ya dawo daga wani ɗan kwas da aka tura su da ƙaramin littafi na Faransanci a kan kiwon lafiya, mai hoton wani Bature ya ɗaga hannuwa sama cikin gajeren wando. Ya yagi takarda daga kaye, wato littafin rubutunsa, ya ja layuka da alƙalamin bik ja da shuɗi, ya rubuta abin da ya kira program, ya kafe shi da ƙusa a ƙyauren ɗakinmu.

Ya tsaya ya karanta mini kamar yana gaban aji. Kullum bayan asuba zai yi wanka da ruwan sanyi, zai yi gudu daga Zango har duwatsun bayan gari ya dawo, sannan ya yi jimnastik, wato motsa gaɓoɓi. Ni zan riƙa shan ruwa kofi takwas a rana, in kuma wanke yarinya safe da yamma. Baba kuma an ja masa layi biyu da ja: hutu cikakke, kada ya taɓa komai, abinci sau uku.

Na ce, "Mushe, kofi takwas ɗin daga wace rijiya? Abinci sau ukun daga wane rumbu?"

Ya ce matsalata ke nan, ba ni da tsari.

Famfon unguwarmu a lokacin ya kan yi kwanaki bai ko yi tari ba. Ruwanmu daga rijiyar unguwa yake, inda kowace mace ke zuwa da gugarta da igiyarta, a yi layi, a ja, a ɗauko a ka. Abincinmu kuwa jar dawar agaji ce wadda ake rabawa in mota ta zo, tuwonta kamar an tuƙa jar ƙasa, sai ɗan abin da albashi ya iya sayowa a kasuwa. Wannan ruwan da na ɗauko da wuyana, shi Mushe ya cika bokiti da shi ya kwanar a tsakar gida don ya ƙara sanyi.

Da gari ya fara wayewa ya shiga makewayi da bokitin. Na ji ya sheƙa kwano na farko. Ihun da ya yi sai da yarinya ta farka, akuya ta tsinke ɗaurinta, maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga yana tambaya ko kunama ce. Ya fito haƙoransa na kaɗawa, ya ce mini jini ne ke motsawa, haka littafi ya ce. Ya sa gajeren wando da singileti, abin da ban taɓa ganin magidanci ya fita da shi ba, ya ɗaure takalmin roba, ya fice da gudu.

Abin da littafin bai gaya masa ba shi ne, a shekarar nan in aka ga mutum yana gudu da sassafe a Zango, fassararsa ɗaya ce: motar agaji ta iso, ana rabon dawa. In kuwa mai gudun ma'aikacin gwamnati ne, to shi ya fara jin labari. Maƙwabciyata ce ta ba ni sauran, don tana cikin waɗanda suka bi shi. Ta ce tana share ƙofar gida ta ga Mushe ya wuce ko gaisuwa babu, ta jefar da tsintsiya ta rarumi ƙwarya. Kafin su kai bakin kasuwa mata da tsofaffi sun cika hanya, wasu da buhu, wasu da kwano, wata da zanen da ta kwance daga kanta. Shi kuwa da ya ji ƙafafu a bayansa sai ya ɗauka jama'a ce ta fahimci amfanin motsa jiki, ya ƙara mai. Da ya isa gindin duwatsu ya tsaya, ya juyo ya fuskance su, ya fara ɗaga hannuwa sama yana saukewa, yana ƙirgawa da Faransanci. Mutane suka yi cirko-cirko suna haki, suna duban bayan dutse ko motar na can. Can wata tsohuwa ta ce, "Mushe, ina dawar?"

Na yi dariya ranar har na zauna a ƙasa. Amma daga baya kunya ta kama ni, don mutanen nan ƙarfin da suka ƙone a hanya ba su da abin mayar da shi. Maƙwabciyata ta ce ɗan kunun da ta sha jiya duk ya zube tsakanin kasuwa da duwatsu, kuma sai Mushe ya biya ta ranar lahira. Shi kuwa ya dawo a hankali ta lungu, ya kwanta, mura ta rufe shi kwana uku, yana lulluɓe da bargo da zannuwana biyu. Yana cikin jinya akuya ta miƙe tsaye a jikin ƙyaure ta cinye program ɗin, ta bar ƙusa. Ban hana ta ba.

Sai dai sashe ɗaya na takardar ya riga ya shiga aiki, kuma shi ne ya kusa kashe mana tsoho. Kwanakin farko da zuwansa, Baba ya kan tashi ya share wajen akuya, ya gyara zanan da ya karkace, ya tattara duwatsun murhu. Mushe da ya gani sai ya ruga ya karɓe tsintsiya, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka huta. Ka gama naka aikin, yanzu namu ne." Har cikin ransa alheri yake nufi, kuma akwai tsoron kada a ce uban Mushe na shara a gidan ɗansa. Ya ɓoye tsintsiya, ya ɓoye ƴar wuƙar da tsohon ke gyaran zana da ita, ya shimfiɗa masa tabarma a ɗaki kusa da kaskon wuta. Tsohon ya shiga ya kwanta.

Daga nan akushi ya fara dawowa kusan yadda na kai shi, sai ɗan gefe da aka gutsura don kada a ce an ƙi. Na sauya miya, na nemo ɗan man shanu da ƙyar, na dama kunu da tsamiya, duk a banza. Sai kuma wani mako akushi ya riƙa dawowa fes, har an suɗe. Na yi murna, na gaya wa Mushe, ya ce to ga amfanin tsari. Abin da ya ɗaure mini kai, tsohon kullum ƙara shigewa cikin rigarsa yake, wuyansa ya zama siriri, akuya kuwa gashinta ya fara sheƙi. A shekarar da shanu ke faɗuwa a bakin hanya, akuyar gidanmu ce kaɗai ke ƙiba a duk Damagaram.

Wata rana na laɓe a bayan zana na gani da idona. Yana gutsura tuwon yana miƙa mata, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ci, ke ko nono a samu a jikinki wata rana. Ni me na yi yau da zan ci hatsin mutane? Baki ne kawai aka ƙara musu."

Na koma madafa na yi kuka, ba na kuma jin kunyar faɗa. Mutumin da ya shekara fiye da hamsin yana ciyar da gida da ƙarfin hannunsa, ga shi yana ƙoƙarin janye kansa daga duniya a hankali don ya rage mana nauyi, kuma cikin ladabi, ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Ga sanyi yana ƙaruwa, tari ya fara kama shi da asuba. Na san in aka ci gaba a haka ba zai ga zafi ba.

Mushe ya ɗora shi a bayan keke ya kai shi gidan likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya saurari ƙirjinsa, ya duba idonsa, ya ce babu wata cuta sai rashin ci, ya ba da wani jan magani na sha mai buɗe ciki. Na fara ɗaure akuya a zaure lokacin cin abinci, akushi ya koma dawowa cike. Jan maganin kuwa yana raguwa a kwalba, amma ina da tabbacin ba cikin tsohon yake shiga ba, don akuyar ta fara cin har igiyar ɗaurinta.

Muka yi faɗa da Mushe, irin faɗan gidan da suruki ke ciki, wato cikin raɗa. Duk wanda bai taɓa zagin mutum cikin raɗa ba bai san wahala ba, maƙogwaro ke ciwo, kuma maganar ba ta shiga. Na ce ya mayar wa ubansa tsintsiyarsa. Ya ce littafi ya ce tsoho mai rauni hutu yake bukata. Na ce Baturen littafin nan ya taɓa noma gero? Ya ce in ina da ilimin da ya fi na littafi in je in gaya wa Baba da kaina. Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa.

Abin da ya warware mana ba dabarata ba ce, fushina ne. Ruwan rijiyar unguwa kullum ƙara nisa yake, wata safiya na zura guga na ji tana lilo a iska, igiya ta ƙare ba ta taɓa ruwa ba. Na ƙulla ɗankwalina, bai kai ba. Na roƙi aron igiya a wajen wata mata, ta ba ni, amma sai da ta tambaye ni a gaban kowa ko mai gidana bai gama rabon dawar ba ne. Na dawo gida da rabin tulu da zuciya cike, na tarar akuya ta samu ragowar tsohuwar igiyar da nake shirin ƙullawa tana tauna. Na ajiye tulu na fuskance ta. Na ce, "Ke kuma! Ci, cinye! Gida da maza har biyu, amma babu mai iya tufka mini igiyar guga, sai na je ana yi mini dariya a bakin rijiya!"

Ban rufe baki ba na ji tari daga ɗakin Baba. Ƙofarsa a buɗe take. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na gudu madafa na zauna ina jiran a ce suruka ta zagi surukinta, a kira iyayena daga unguwar Birni.

Ba a kira kowa ba. Washegari da hantsi na fito na ga abin da ban gani ba tun makonni: tsohon a waje, ya jingina da bangon gabas inda rana ke fara sauka, ya zare wasu tsofaffin kaba daga jikin zana yana murzawa a cinyarsa, suna karyewa don sun bushe. Bai dube ni ba. Ya ce wa akuya, "Wannan kabar ta mutu. Da a ce sabuwa ce, a ɗan yayyafa mata ruwa ta kwana, da an ga igiya."

Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba na tafi kasuwa. Goriba ba ta san fari ba, matan wajen Takieta na kawo kaba dami-dami. Na sayo babban dami, na yayyafa masa ruwan wanke-wanke, na lulluɓe da buhu, da safe na ajiye shi duka a gindin bango. A nan na yi nawa kuskuren, irin na Mushe sak. Tsohon ya ga dami guda, ya ɗauka aikin yini ne, don a ƙuruciyarsa aikin yini ne. Ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafarsa ya kama tufka, rana ta bar bangon bai tashi ba, iska mai sanyi ta taso bai tashi ba. Kafin la'asar hannuwansa na rawa, kaba na zamewa, tufkar ta yi sako-sako. Ya dube ta, ya jefar, ya rarrafa ɗaki. Ranar ko gefen tuwon bai gutsura ba. Na ji yana ce wa akuya, "Hannun ma ya tafi."

Na yi tunani sosai a kan wannan. Da safe na ɓoye damin a ƙarƙashin gadonmu, na zaro ƴan kaba kaɗan, iyakar abin da zai yi gaba guda, wato tsawon hannu biyu in an buɗe su, na ajiye a gindin bango. Na ɗauko ƙwaryar kunu mai zafi na ajiye kusa. Sannan na tsaya gaban akuya, na gyara murya yadda za ta kai ɗaki. Na ce, "Kin ga, kaba ta yi wuya a kasuwa, ɗan wannan na samu yau. Ni gaba guda a rana ya ishe ni, ba gudu ake ba. Kuma an ce mini igiyar da aka tufka da yunwa ba ta riƙe guga, tsinkewa take, ni kuwa ba ni da wata gugar."

Akuya ta dube ni tana tuƙa. Na koma madafa ina leƙe ta ramin zana. An daɗe, sannan ya fito da bargonsa a kafaɗa. Ya zauna, ya juya kabar, ya yi tsaki don ƙanƙantarta. Ya tufka ta tsaf kafin rana ta bar bango, ya auna da hannuwansa, gaba guda cif, ya ja ya ji ta yi tauri. Ya zauna yana duban ta. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwarya ya sha kamar rabi.

Haka muka shiga yi. Kullum da hantsi kaba kaɗan da kunu, ni in yi wa akuya bayani, shi ya ba akuya amsa. In kunun ya yi ruwa sai ya ce mata, "Yau masu gidan sun yi mana rowar gari." In na ga kaushin ƙafarsa ya tsage sai in ce mata ga man kaɗe nan a kan dutse, ban san wanda ya bar shi ba. Akuyar nan ta ɗauki saƙonnin da ko gidan waya bai ɗauka ba. Rabin ƙwarya ya koma ƙwarya, aka fara taɓa tuwon rana, tarin asuba ya ragu. Ranar da ya nemi ƙarin kaba ta bakin akuya, na ce mata babu, sai gobe. Ya yi mita, na ji daɗin mitar, don mai shirin mutuwa ba ya mita.

Mushe da ya ga uban na cin abinci sai cutarsa ta motsa. Ya zo da kaye da bik, ya ce in aka kai gaba goma a rana, aka samu masu saye, kafin damina Baba zai iya buɗe rumfa a kasuwa. Na ce masa, cikin raɗa, in ya ja layi ɗaya a takardar nan zan ba akuya kayen duka har da bik. Ya mayar da shi jaka. Shi ma a ƙarshe nasa tsarin ya dawo daidai jikinsa: ruwan ɗumi rabin bokiti, rigar sanyi, tafiya lakwal a ƙafa cikin dogon wando, yana gaida mutane. Bai ƙara yin mura ba a shekarar.

Matsalar ita ce, gaba huɗu kawai nake bukata. Tun kwana na huɗu igiyata ta kai ruwa. Amma in na ce ta kai, aiki ya ƙare, in aiki ya ƙare na san abin da zai biyo baya. Don haka kowace safiya sai in gaya wa akuya ruwa ya ƙara gudu ƙasa, fari ne, sai haƙuri. Ina ƙulla sabon gaba a kan na jiya, ina naɗe igiya ina tafiya da ita rijiya, har ta fi tulun nauyi. Mata na tambayata ko rijiyar wani gari nake shirin ja daga nan. Kusan wata biyu muna haka, kuma Allah ya yafe mini ƙaryar da na yi wa dabbar nan.

Ban yi lissafin cewa mai cin abinci ƙafafunsa na dawowa ba. Wata safiya, sanyi ya fara sassautawa, ina bakin rijiya na zura guga, sai na ji matan sun bar hira suna gaisuwa. Na waiga. Ga Baba tsaye da sanda, akuya a bayansa, ya tako tun daga gida shi kaɗai, karo na farko da ya fita zaure da ƙafarsa tun zuwansa. Ashe ya zo ganin wannan rijiya da ba ta da ƙarshe. Gugata na cikin ruwa, a gindin ƙafata kuwa ga tulin igiya naɗe-naɗe, busasshiya, ko sau ɗaya ruwa bai taɓa ta ba. Ya dubi rijiya, ya dubi tulin, ya daɗe a kansa. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana." Ya amsa, ya juya, suka tafi shi da akuyarsa.

Yinin nan ban san yadda na yi shi ba. Na mai da dattijo abin wasa, na sa shi aikin banza kamar ƙaramin yaro, kuma ya gani a gaban matan unguwa. Na ce shi ke nan, zai koma ɗaki ya juya wa bango fuska, wannan karon kuwa babu igiyar da za ta jawo shi. Kabar ranar na nan a gindin bango bai taɓa ta ba. Na tuƙa tuwo, ɗan garin da ya rage ya ba da malmala uku ƙanana, ɗaya tasa, ɗaya ta Mushe, ɗaya tawa. Bayan la'asar na kai masa akushi na ajiye, na koma madafa na zauna gaban tawa malmalar na kasa ci.

Can na ji muryarsa daga tsakar gida, da ƙarfi, yadda ban taɓa ji ba. Ya ce wa akuya, "Ke, ki gaya wa ƴar mutanen nan, ni na haƙa rijiya uku da hannuna kafin a haife ta. Tun kwana na biyar na san igiya ta kai. Na bar ta ne kawai, don na ga ƙaryar tana yi mata wuya, kullum sai ta yi tari kafin ta fara." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce mata gobe a ƙaro kaba, gaba biyu zan iya yanzu, akwai matan da na ga igiyarsu ta rube a bakin rijiya. Kuma ki tambaye ta, tuwon nan babu saura ne? Ban ƙoshi ba."

Na dubi tukunya, babu komai sai ƙanzo. Na ɗauki malmalata da ko taɓawa ban yi ba, na zuba mata sauran miya, na goge idona da bakin zane, na fita na durƙusa na ajiye a gabansa. Na ce, "Akwai, Baba. Da yawa."

Ban da gaisuwa, shi ne karo na farko da na yi masa magana ba ta bakin kowa ba. Na koma madafa na kankare ƙanzon na jiƙa da ruwa, ina ci ina jin ƙarar yatsunsa a cikin akushi.